Lasifikar Ɗakin Asid

"Zafi ya kai digiri ɗari takwas da hamsin," in ji lasifikar bango.

Injiniyar da ke aiki a ɗakin ta yi murmushi, ta rubuta a takarda. Muryar babanta ce. Shi ya naɗi sanarwar masana'antar kafin ya rasu, shekara uku ke nan, shi ya sa ta ƙi yarda a canja mata ɗaki. A ɗakin nan zafin tukunyar nukiliya ke dafa asid, don a raba ruwa a fitar da iskar haidurojin.

Wajen azahar muryar ta sake tashi, a hankali: "Uwata, fita. Yanzu."

Ba mai kiranta haka sai shi. Ta yar da takardar, ta ruga a guje. Tana rufe ƙofa sai bututu ya fashe, farin hayaƙi ya turnuƙe ɗakin.

Ta je ta tare mai gyaran lantarki. "Malam, wa ya ƙara magana a sanarwar Baba?"

Ya dube ta da mamaki.

"Ranki ya daɗe, wace sanarwa? Ai washegarin jana'izarsa na yanke wayar lasifikar nan da hannuna."