Kwamfutar mai hoton biki

Ga misalin wani mai ɗaukar hoton biki, ko zai yi maka amfani kafin ka sa hannu a cikin kwamfutarka. Mutumin nan ya je kasuwa ya sayo tsohuwar kwamfutar tebur, irin wadda manyan ofisoshi suka gama mora suka sayar gwanjo. Nauyi gare ta kamar dutsen niƙa, in ta tashi sai ta yi ta huci, amma duk bidiyon da ya ba ta tana haɗa shi, ko da a hankali. Wannan jinkirin ne ya tsone masa ido, sai ya fita neman shawara. Na farko ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta yi kaɗan, ya ƙara. Da ya sayo ya zo sakawa, bakin ramin daban, bakin abin daban. Na biyu ya ce ai ba nan cutar take ba, katin hoto, wato abin da ke sarrafa hoto a cikinta, zai canza. Na uku ya yi dariya ya ce duk su biyun ba su san komai ba. Mai hoton ya dawo shago ya zauna gaban buɗaɗɗen cikinta, wayoyi ja da baƙi sun harɗe kamar hanjin kaza, ya rasa maganar wa zai kama. Abu ɗaya ne bai tambayi kowa ba: ko akwatin wutar da ke cikinta zai iya ɗaukar sabon kaya.

A makon ne aka ba shi aikin wani ɗaurin aure. Kakan ango ya yi doguwar addu'a a wurin walima, bayan 'yan kwanaki Allah ya yi masa rasuwa, dangi kuma suka dinga aike, suna son jin muryar tsohon. Bidiyon yana cikin kwamfutar, ba a kwafe shi ko'ina ba, mai hoton ya ma goge na cikin kyamara don wani aikin. Don ya gama da wuri, sai ya sayo katin hoto mafi girma da ya samu, ya danna shi da ƙyar, ya haɗa wayoyin da ya ga sun yi kama da juna, ya kunna. Ta yi ƙara sau ɗaya, warin ƙonanniyar roba ya cika shagon. Mai gyara ya duba ya ce wutar ta bi ta cinye har faifan da ke ajiye aikin. Da ango ya zo karɓa, mai hoton ya yi ta nuna masa katin, yana lissafo wanda ya ce kaza da wanda ya ce kaza. Ango ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, muryar Kaka fa?"

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.