Shekarun da Mala Ya Ƙara wa Afra'u

Mala manomin gyaɗa ne a Toranke, kuma a wurinsa duk abin da ya fito daga waya gaskiya ne. Ana cikin rajistar masu zaɓe sai wani saƙon murya ya shigo masa: wai yanzu 'yan shekara sha biyar ma suna zaɓe, a dai rubuta sha takwas a takarda, kuma kowane kati za a ba shi buhun taki.

Nan take ya tuna da 'yarsa Afra'u, mai shekara sha biyar.

Matarsa Batula ta ce, "Malam, ka san mai maganar nan kuwa?"

"Ke dai! Mutum ya yi sallama ya yi salati, ki ce ƙarya yake?"

Haka ya goya yarinyar a babur zuwa Ajingi, ya yi rantsuwa a kotu, aka ba shi takarda cewa shekararta sha tara. Har ɗaya ya ƙara, wai don kada a yi masa musu. Da wannan takarda aka yi mata katin zaɓe, daga baya har da katin ɗan ƙasa. Zaɓe ya zo ya wuce, ko kwano ɗaya na taki Mala bai gani ba.

Bayan shekara biyu wata gidauniya ta zo Gaya, za ta ɗauki nauyin karatun ungozoma ga 'yan matan ƙauye da ba su kai shekara ashirin ba. Wannan ne burin Afra'u tun tana firamare, kuma ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar. Ranar tantancewa Mala har da babbar riga.

Ma'aikaciyar gidauniyar ta duba katin Afra'u ta ce, "Baba, 'yarka shekararta ashirin da ɗaya."

"Wallahi sha bakwai ce!"

"To, wa ya yi wannan rantsuwar?"

Mala ya kalli dangwalen yatsansa a jikin takardar rantsuwar. A gabansa aka ba wata yarinyar gurbin.

Suka kamo hanyar gida a babur. Sai da suka hango Toranke Afra'u ta ce a hankali, "Baba, yanzu in an tambaye ni shekaruna, wanne zan faɗa?"

Mala ya tsayar da babur ɗin, don hawaye sun hana shi ganin hanya.

Jama'a, shekarun zaɓe sha takwas ne, saƙon waya ba ya rage su. Ku tambayi jami'an zaɓe kafin ku gaskata muryar da ba ku san mai ita ba, kuma kada ku sa yara a ƙaryar da su za ta cutar.