Rigar Doufu Ta Rufe Ta Hagu

Kaka Shufen ta faɗa gidan jikarta Lanying a birnin Luoyang cikin fararen kayan makoki, riƙe da soyayyen kifin da za ta ajiye wa mamaciya.

"Ina gawar?"

"Gawar wa, Kaka?"

Tsohuwa ta miƙa mata waya. Hoton da Lanying ta turo ne: kyanwarta Doufu kwance, ido rufe, cikin jar riga irin ta zamanin daular Han. Gaban rigar ya rufe ta hagu. Kowa kuwa a Luoyang ya san mai rai ta dama yake rufewa, gawa ake rufe wa ta hagu.

Kaka ta fashe da kuka. Ita ce fa ta rantse ba za ta sake taka gidan ba sai an kori "ɓarauniyar nan", wato kyanwar.

"Duk zagin nan a baki ne! Yanzu wa zai riƙa ɗumama mini ƙafa?"

"Haba Kaka, a madubi na ɗauki hoton, shi ya mai da dama hagu. Barci take yi."

Sai ga marigayiya ta fito tana miƙa, ta sure kifin.

Kaka ta share hawaye, ta cire takalmi ɗaya.

"Lanying, rufe mata rigar ta hagu. Yanzu za ta yi amfani!"