Likitan Ganye

"Yaya, wayarka ce ke ta ƙara. Me zan ce musu?"

Ɗakin da ba kowa Auta yake yi wa magana. Rigar Yaya na nan rataye a ƙusa, kafaɗunta ba su manta da mai su ba tukuna.

Shi Auta bai yi nisa a boko ba, walda yake yi. Amma ya san abin da Yaya ya yi ta nema tun da ya zama dakta a kan cututtukan shuka: gurbin bincike, irin wanda ake ba sababbin daktoci. Na masu lissafi ya fito, na masu tarihi ya fito. Nasa ɗaya ne tak, a wata cibiya mai nisan gaske. Suka gana da shi, suka ce ya saurari kira.

Kullum da safe sai Yaya ya bar wayarsa a caji a ɗakin Inna, don soket ɗinta kaɗai ke da rai, ya wuce gonar gwajin Farfesa, malaminsa. Da ya dawo, tun bai cire takalmi ba: "Inna, an kira?"

"Wa zai kira likitan ganye?" Tana dariya tana turo masa kwano. "Likitan da ko ciwon kaina bai iya ba. Zauna ka ci."

Shiru, shiru. Yaya ya rame, ya daina tambaya. Ya kama koyarwa a wata makaranta bayan gari, yana zuwa a babur. A wannan hanyar tirela ta same shi.

Auta ya ɗora wa Farfesa laifin. Mutumin da kullum yake cewa ba zai iya rabuwa da yaron nan ba, wa ya san abin da ya faɗa wa cibiyar? Ranar ta'aziyya Auta ya ƙi ba shi hannu.

"Ka ƙyale bawan Allah," in ji Inna, idonta a ƙasa. "Ba ruwansa."

Wayar ta sake ƙara. Auta ya ɗauka. Wata mata ce daga cibiyar. Gurbin ya sake buɗewa, ko dakta ya canza shawara?

"Ya rasu."

Ta yi masa ta'aziyya.

"Wace shawara kuma?" in ji Auta. "Ai ba ku kira ba."

"Mun kira, malam. Bara, da safe. Shi muka zaɓa. Aka ce mana ya samu aiki kusa da gida, kada mu sake damun sa."

"Wa ya ce?"

"Ba ta faɗi sunanta ba. Abin da na riƙe kawai, ta ce likitan ganyenta ba inda za shi."

Har yau Auta bai faɗa wa kowa ba.