Saura Uku Kacal

Marubucin tallan ya juyo wa mai sabulu da fuskar kwamfutar. Shafin sabulunta ne da ya tsara mata. A ƙasan hoton ya rubuta da ja: "Saura uku kacal, yi sauri kada ki rasa!"

Ta waiga ta dubi kwalayen sabulun da ke jere a bayanta har sun kusa taɓo rufi.

"Ka ji tsoron Allah, Malam. Uku?"

"Haka sana'ar take, ranki ya daɗe. Mutum ba ya saye sai an ɗaga masa hankali." Ya haɗiyi yawu. "Amma ba wannan ya kawo ni ba. So nake in turo manyana wurin Babanki. Wallahi duk duniya babu macen da..."

Gabanta ya faɗi, don ta daɗe tana jiran wannan magana. Duk da haka ta ɗora yatsa kan jan rubutun.

"Bakin da ya faɗi wannan ne zai ce min babu kamata? Ni ma hankalin nawa za a ɗaga?"

Sai ya goge layin, ya rubuta: "Akwai da yawa. Ki saya in ya yi miki."

"Wannan ba zai kawo ciniki ba," ya ce a sanyaye.

"Na sani." Ta gyara mayafinta ba tare da ta dube shi ba. "Bar shi haka wata guda. In ka iya jurewa, ni da kaina zan gaya wa Baba."