Ambaliyar Shekara Ɗari

"Riƙe tsanin da kyau," Neville ya ce wa 'yarsa Bronwyn, ya tsoma buroshi cikin jan fenti. A garinsu, duk wanda ruwa ya ci gidansa sai ya ja layi a bango daidai inda ambaliya ta tsaya.

"Da kunnena na ji a rediyo," ya ce. "Irin ta bara sau ɗaya take zuwa a shekara ɗari. Na ce to, mun ci rabonmu. Shi ya sa na sauko da uwarki ɗakin ƙasa, ta huta da hawan bene."

"Baba, ba haka ake nufi ba. Kowace shekara sabuwar ƙuri'a ce, ɗaya cikin ɗari. Kogi ba ya tuna ya zo bara."

"Ke da bokonki."

Ya hau, ya wuce layin bara. Ya ƙara taka matakala biyu. Can sama, inda laka ba ta gama bushewa ba, ya ja sabon layi. Ya rubuta shekarar bana, a ƙarƙashi ya sa sunan matarsa, Glenda. Fenti na ɗiga a tagar ɗakin ƙasan da aka tsinci gawarta bayan ruwa ya janye.

Bronwyn ta kau da kai.

Da ya sauko ya goge hannu, fuskarsa har ta ɗan saki.

"Zan gyara ɗakin ƙasan, ki kawo mini jikokina su zauna. Biyu a jere fa, Bronwyn. Yanzu muna da shekara ɗari biyu."