Gonar da Ba a Sassabe Ba

An yi wani manomi a wani ƙauye can arewa, inda rairayi ke cin gonaki kaɗan-kaɗan. Mutumin nan akwai tsabtar gona, don a garinsu duk wanda aka ga toho a gonarsa, to sunansa rago. Kowace bazara sai ya bi kututturan gawo da na kalgo ya sassare tohonsu, ya tara ya cinna wuta, gona ta fito fes kamar faranti. Amma duk da wannan ƙwalisa, rumbunsa ba ya kai shi wata biyar. Masu aikin raya karkara sun taɓa kawo musu dashen itatuwa a leda. Ya dasa, ya yi ta ban ruwa da tulu, rana ta ƙone rabi, awaki suka ƙarasa sauran. Har ya ƙudurta a ransa, in bana ma gero bai yi ba, zai kwashe iyalinsa ya bar gonar ubansa.

Ana dab da sassabe sai ya faɗo daga amalanke ya karye a ƙafa. Wata biyu yana kwance, yana jin saran gatarin maƙwabta. Da ruwan shuka ya sauka, haka matarsa ta shuka a tsakanin toho, shi kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai iskar farkon damina ta taso da yashi, ta binne shukar maƙwabta, sau biyu suna sake iri. Tasa ta laɓe bayan toho, ko gezau. Wata malamar gona da ta biyo ta wurin ta durƙusa ta tona gindin wani kututture, ta ce, "Baba, ashe ga itatuwa da saiwarsu a ƙasa muna ta wahalar kawo baƙi! Bar toho biyu masu ƙarfi a kowane gindi, ka sare sauran." Ya bi maganarta. Shekarar nan gero ya kai su wata kaka, ba wanda ya ɗaure kaya. Yau gawo ya yi sama a gonar, yana zuba mata ganye taki, dabbobi na cin 'ya'yansa. Har yanzu ƙafar kan yi masa tsami in an yi sanyi, sai ya shafa ta yana murmushi, ya ce Alhamdu lillahi.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, wani hani ga Allah baiwa ne.